Ayuba, Namijin da Na Sa Wankan Jego

Shekara goma sha bakwai ke nan cur da rasuwar aminina Ayuba, kuma tun da fari bari in rage wa mai karatu aiki: idan kana neman wawan da ke cikin wannan labari, kada ka wahalar da idonka, ni ne. Ni Idi tela, wanda mutanen unguwar Television suka laƙaba wa Dokta tun ina da baƙin gashi. Na san al'adar irin wannan shafi ita ce mutum ya zo da hawayensa. Na laluba nawa ban samu ba. Duk sanda na tuna Ayuba, dariya ce ke riga kuka isowa, kuma na tabbata da yana nan shi zai fara ƙyalƙyalewa.

Kada a raina ni, sunan Dokta ba a titi na tsince shi ba. Na yi firamare har aji huɗu, sannan na yi shekara biyu ina goge kwalabe a wani kemis a Tudun Wada kafin in kama ɗinki. A nan na haddace sunayen magunguna masu wuyar faɗi, na kuma iya cewa "sau uku a rana bayan cin abinci" da Turanci ba tare da na ciji harshe ba. Da wannan ilimi na shugabanci lafiyar layinmu. Mai ciwon kai ya zo shagona, mai gudawa ya aiko, ni kuwa in ɗaga ƙafa daga kan keken ɗinki, in gyara tabarau, in yanke hukunci.

Ayuba mutumin kudancin Kaduna ne. Ya zo birni ya sami aiki a wata masaƙa a Kakuri, a sashen rini, a shekarun saba'in ɗin nan da jiniyar masaƙu ke tashin rabin gari da safe. Gidan da yake haya yana bayan shagona. Shi ya kawo mini naman Kirsimeti, ni in kai masa na Layya, tun muna haka har ya zama ba a ganin ɗaya sai a tambayi ɗayan. Matarsa Rifkatu ina ce mata "matarmu", ita kuma tana ce mini Dokta, amma da wata irin murya da ta ɗauke ni shekaru kafin in gane ba girmamawa ba ce.

Ayuba yana shan wiwi. Kowa ya sani, ba mai faɗa. Ba ya tangaɗi, ba ya zagin kowa, ranar Lahadi ya saka kwat ɗin da na ɗinka masa ya tafi coci da Littafi a hamata. Na taɓa yi masa magana sau ɗaya, ya ce mini, "Idi, kai goro kake tauna a zaune a inuwa. Je ka tsaya awa takwas a gaban tukunyar rini, ka dawo ka yi mini wa'azi." Tun yana saurayi ya fara, a wurin abokan aiki, kuma a lokacin da nake magana ya fi shekara goma bai tsallake rana ba.

Sai amai ya kama shi. Ba irin aman da kuka sani ba. Zai tashi da safe da murɗawar ciki, ya yi ta kelaya har ya zama ba abin da ke fita sai ruwa mai ɗaci, ya kwana uku ko huɗu a haka, sannan abin ya lafa kamar an ɗauke ruwan sama. Bayan 'yan makonni ya dawo. Mutum ƙato, mai ɗaukar dilar yadi shi kaɗai, ya koma sai an riƙe shi zai shiga bayan gida. Abu ɗaya ne ke ba shi sauƙi, kuma shi ya gano abinsa: ruwan zafi. Da zarar ya kwarara ruwa mai tururi a jikinsa, sai aman ya tsaya cak, ya yi ajiyar zuciya. Ruwan na hucewa, ciwon na dawowa. Rifkatu ta wuni tana hura wuta a ƙarƙashin garwa, wanka shida, wanka bakwai a rana ɗaya.

Aka kira Dokta. Na zo na duba ido, na danna ciki, na yi shiru irin na manya. Sannan na bayyana sakamakon bincikena. Na ce sanyi ne ya shige shi, daga tsayuwa cikin ruwan rini, ya kama hanji ya daskare. Hujjata kuwa mai ƙarfi ce: wa kuka taɓa gani ruwan zafi yana yi wa magani irin haka in ba mai jego ba? To tunda jiki da kansa ya nuna hanya, sai a bi ta yadda kakanninmu suka tsara. Kwana arba'in cif, safe da yamma, da tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya, a bi shi da kunun kanwa. Na sa namiji mai 'ya'ya uku wankan jego, jama'a, kuma ban yi dariya ba lokacin da nake faɗa.

Layinmu ya samu abin yi. Mata suna wucewa suna ce wa Rifkatu, "Barka da arziki, me aka samu?" Abokansa na masaƙa suka aiko tambayar ranar suna. Ayuba yana kwance a tabarma, ko ƙarfin rama musu ba shi da shi.

Ban tsaya nan ba. Na ga ba ya cin abinci, na kuma san wiwi tana buɗe ciki, ai shi da kansa ya sha faɗa mini. Sai na ba da umarnin kada ya kuskura ya daina, ya ma ƙara kaɗan kafin kunu. Wato ina zuba wa wuta kalanzir da hannun dama, ina yi mata fifita da na hagu, ina jiran ta mutu.

A rana ta goma sha ɗaya ta jegon, Rifkatu ta zo shagona da rana tsaka ba ko sallama. Ta ce tun jiya bai yi fitsari ba, idanunsa sun faɗa, harshensa ya bushe kamar ƙirgi. Ta ce, "Dokta, na samo mota. In kana zuwa ka taso, in ba ka zuwa ka matsa." Na taso. Amma a cikin motar na ja mata kunne, na ja wa Ayuba: ko da wasa kada a ambaci wiwi a asibiti. Zamanin soja ne, doka ta yi tsanani, kullum ana jin labarin wanda aka kama da ƙulli ɗaya aka ɗaure shi shekaru. A lissafina, likita na jin kalmar zai ɗaga waya, a cire mutum daga gado a kai shi caji ofis.

Aka kwantar da shi, aka ɗaura masa ƙarin ruwa, leda na bin leda. Likita ya ce da an ƙara kwana ɗaya ko biyu, ƙodarsa ce za ta tsaya. Suka tambaya ko yana shan wani abu, mu uku muka haɗa baki muka ce shayi. Kwana huɗu sai ga Ayuba zaune yana cin tuwo, yana tsokanar maƙwabcin gadonsa. Na yi murna ƙwarai, na kuma sanar da duk mai son ji cewa jegon da na sa ne ya fara aiki a makare.

Yanzu ga inda na kai ƙarshen wauta. Mu a wurinmu ba a zuwa dubiya hannu biyu, kuma ba a tambayar marar lafiya me yake marmari sannan a hana shi. Na sunkuya na tambayi Ayuba. Ya dube ni, ya dubi ƙofa, ya ɗan shafa leɓensa da yatsu biyu. Ni da ban taɓa riƙe abin nan ba, na tafi bakin layin dogo a Makera da ƙafata, ina waige-waige kamar ɓarawon akuya, na samo. Na dawo shago na ɗinka masa sabon wando na shan iska, na jera ƙullin a cikin ƙubaka, inda mazagi ke bi, na dalle bakin da ɗinki mai kyau. Na kai masa a gaban kowa, har ana yaba mini zumunci.

Kwana biyu bayan nan na koma, na tarar da gadon a hargitse. Ayuba ya dunƙule yana kakari, an mayar masa da ƙarin ruwa, yana roƙon duk wanda ya wuce ya taimake shi da ruwan zafi ko bokiti ɗaya. Rifkatu tana tsaye tana kallona. Sai wata nas babba, gajeriya, mai furfura a gefen hula, wadda kowa ke ce wa Sista, ta yafito ni zuwa ofishinta. Wandon yana shimfiɗe a kan tebur, an farke ƙubakar.

"Kai ne Dokta?"

"Mutane ne ke faɗa, ranki ya daɗe."

"Ɗinkin nan naka ne?"

Na fara wani dogon bayani da Turanci, ya ƙare mini a tsakiya. Ina hango kaina da gajeren wando a gidan yari, ina tunanin wa zai kula da keken ɗinkina.

Ta ce, "Zauna, Malam. Nan asibiti ne. Da 'yan sanda nake son kira, da ban ɓata lokacin farke ɗinkinka ba. Shekara nawa yana sha? Sau nawa a rana? Ka faɗa mini gaskiya, ran abokinka nake nema."

Na faɗa mata komai, har jegon. Ta rufe baki da hannu, kafaɗunta suna rawa, sai da ta gama dariyar sannan ta yi magana. Ta ce ita ba ta san sunan wannan ciwo ba, ba ta kuma gan shi a littafi ba. Amma Ayuba ba shi ne na farko da ta gani yana amai yana barar ruwan zafi ba, kuma waɗanda ta gani kafin shi duk mashaya wiwi ne na shekaru. In sun kwana biyu a gado babu hayaƙi su warware, in sun koma gida su dawo mata a ranga-ranga. Ta ce ƙarin ruwa zai tashe shi wannan karon, amma ba ta yi mini alkawarin karo na gaba ba. Maganin ɗaya ne, ya rabu da ita. Kuma mutumin da ya shekara goma yana sha ba ya rabuwa da ita don an yi masa tsawa. Akwai sashen da ake taimakon irinsu a asibitin masu taɓin hankali, za ta sa likita ya rubuta takarda.

Nan Dokta ya farfaɗo. Na ce asibitin mahaukata? Ayuba da hankalinsa? Gobe a ji a masaƙa a sallame shi, 'ya'yansa su rasa masu aure? Muka koma bakin gado ina ta zuba. Ayuba ya buɗe ido da ƙyar ya ce, "Idi, an riga an yi mini barka da haihuwa a layinmu. Wace kunya ce ta rage? Ku kai ni."

Mako shida ya yi a can, kuma ina faɗa muku, abin da na gani ya rushe duk abin da na ɗauka na sani. Na je ina tsammanin mari da sarƙa da bulala. Na tarar da mutane a ƙarƙashin bishiyar mangwaro sun yi da'ira a kan benci, kowa na faɗin yadda ya fara da abin da ya rasa, wani nas namiji yana saurare, ba ya katse kowa. Akwai malamin makaranta, akwai direban tirela, akwai ɗan wani babban Alhaji da na sani, wanda aka ce mana yana karatu a waje. Makon farko Ayuba ya zama wani mutum dabam. Barci ya ƙaurace masa, abinci ba ya shiga, gumi, faɗa da kowa, har ni ya kora. Na ce to ga shi nan, sun haukata shi. Nas ɗin ya ce a'a, jiki ne ke neman abin da ya saba, zai wuce, kuma suna ba shi ɗan abin da zai sassauta masa. Ya kuwa wuce. A mako na uku na same shi a lambun asibiti yana ban ruwan tumatir, kumatunsa sun fara cikowa, yana yi wa direban tirela gardamar ƙwallo.

Ni ma ban tsira ba. Labarin wandon ya riga ni isa, don haka duk ranar ziyara mai gadi sai ya laluba ni tun daga hula har takalmi, ya murza ƙubakar wandona a gaban matan mutane. Sannan duk ranar Alhamis akwai zama na dangi, Rifkatu ta ce tunda ni na fi kowa ilimi dole in je. Aka zaunar da ni a benci aka koya mini abubuwa uku: kada in yi masa gori, kada in bar shi zaman banza da tsofaffin abokan shan, kuma in ya zame ya koma, kada a ɓoye, a dawo da shi da wuri. Wannan ne ajin da na yi bayan aji huɗu, kuma shi kaɗai na ci jarrabawarsa.

Domin ya zame ɗin. Bayan kamar shekara ɗaya, aka rage ma'aikata a sashensu, hankalinsa ya tashi, ya sha na kwana uku. Da kansa ya zo shagona ya ce, "Ɗauko hularka." Muka hau bas da katinsa na asibiti a aljihu. Ina jiran a yi masa wankin babban bargo, sai nas ɗin nan ya ce, "Ayuba, sannu da zuwa. Gara da ka zo da ƙafarka." Daga wannan rana har ya koma ga Mahaliccinsa, fiye da shekara ashirin, bai ƙara ba, aman kuma bai ƙara dawowa ba. Masaƙar ce ma ta riga shi mutuwa. Ya koma Sabon Tasha ya buɗe wurin rinin kansa, ya aurar da 'ya'yansa duka uku, ba wanda ya tambaye su takardar asibitin ubansu. Hawan jini ne ya ɗauke shi, a gadonsa, da jikoki a tsakar gida.

Abin da ya fi burge ni shi ne duk ranar Asabar sai ya rufe wurin rini ya tafi asibitin nan, ba wanda ya aike shi. Ya zauna a da'irar ƙarƙashin mangwaro ya ba sababbin zuwa labarinsa. Kuma kullum da ni yake farawa. "Ina da wani aboki likita," in ji shi, sai wurin ya kaure da dariya tun bai kai ga darbejiya ba. Ya ce mini mutum in ya yi dariya, kunyarsa na raguwa, in kunya ta ragu sai ya faɗi gaskiya. Na ba shi izinin amfani da sunana kyauta, don ci gaban ilimi.

Yau in na zauna a ƙofar shago, ido ya yi rauni, ɗinkin ma sai jefi-jefi, ina ganin abin da Ayuba bai gani ba. A zamaninsa wiwi ce da burkutu. Yanzu ga maganin tari ana kwankwaɗa kamar lemo, ga ƙwayoyi kala-kala, ga wata wiwin da aka ce an haɗa ta da abubuwan da ko sunansu ba na iya kamawa. Ina tambayar kaina me zai ce. Ba na jin zai tsaya zagin zamani, ba halinsa ba ne. Ina jin iyaye zai fi yi wa faɗa, masu kulle ɗa a ɗaki ko su kai shi inda za a ɗaure shi, don kada maƙwabta su ji an je asibiti. Zai ce musu ya gwada ɓoyewa, saura kwana ɗaya ta kashe shi. Zai kuma yi murna da ya ga yanzu har mata ana karɓa a irin sashen nan, ana kuma maganar a fili. Wannan shi ne abin da ya bari. Akwai magidanta a Kakuri da Unguwar Sanusi da Sabon Tasha, masu furfura yanzu, da in an ambaci Ayuba mai rini sai su miƙe tsaye, domin shi ya riƙe hannunsu ya kai su ƙofar da suke jin tsoro.

To a makon jiya ina sauraron shirin lafiya a rediyo, sai na ji wata likita tana bayanin wani ciwo da ke kama waɗanda suka daɗe suna shan wiwi: amai mai zuwa yana dawowa, murɗawar ciki, da yawan wanka da ruwan zafi. Ta ce yanzu likitoci sun san shi, har suna gare shi, ta faɗi sunan da Turanci mai tsawon layin dogo. Jama'a, na miƙe tsaye ban san na miƙe ba! Na kifar da kofin shayi! Abin da Sista ta gano da idonta, ga shi duniya ta zo ta same ta a kai. Ko takalmi ban daidaita ba na tare keke mai ƙafa uku, na ce Sabon Tasha, kuma kada ka tsaya ɗaukar kowa.

Na sami Rifkatu a tsakar gida tana tsince shinkafa, ta tsufa amma idon nan yana nan. Na zayyana mata komai ina haki. Ta ajiye tire, ta share ƙwalla da bakin zane, ta ce Allah ya ji ƙan Sista, ko tana raye ko ta mutu. Da na bar shi a nan, da na tashi da mutuncina. Amma sai na gyara zama na ce, "Matarmu, in an bi diddigi fa, da ni a cikin wannan bincike. Wa ya fara lura da ruwan zafi? Wa ya kawo wandon da ya tabbatar wa Sista zarginta? Zan rubuta a jarida, don tarihi ya san wanda ya ceci Ayuba."

Ta ɗauki tirenta ta ci gaba da tsintar shinkafa, ko kallona ba ta yi ba.

"Rubuta, Dokta. Amma ka rubuta daidai. Abu biyu mijina ya daina sha ya warke: wiwi, da maganinka."